Sayang Ɗin Da Ba Nawa Ba

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Waɗanda kuka cika min waya da tambayar me ya sa na cire hoton ƙungiyarmu daga shafina, ku gyara zama, yau ba zan rufa wa kaina asiri ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Ƙauna Haggai, 'yar Jos, ina aji biyu a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak a Kuala Lumpur, kuma ni ce mai cin ƙwallo a ƙungiyar mata ta makarantar. Ko dai in ce ni ce a da, kafin Kindness ta zo.

Kindness 'yar ƙawar Mama ce a coci. Iyayenta mutanen Kafanchan ne, amma a nan Kuala Lumpur aka yanke mata cibiya. Ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci, ka koma Turanci ta ƙarasa maka da yaren Malay. Doguwa ce, ga kitso ƙanana har gadon baya, ga takalmin ƙwallo ruwan hoda da ake hangowa tun daga bakin get. Da muguwa ce da na huta, sai in tsane ta hankali kwance. To ba muguwa ba ce. Ita ce za ta fito daga fili tana haki, ta miƙo min gorar ruwa ina zaune a benci, ni da ko gumi ban yi ba, ta ce, "Sis, drink lah." Ku gaya min, yaya ake yi da mutum irin wannan?

Sai kuma Jethro. Mataimakin koci ne, yana digiri na uku, ya daɗe a ƙasar nan har yarensu ya zauna masa a baki. Kuma nawa ne, ko da yake fili bai sani ba. Babbar kocinmu, Koci Rosnah, wata gajeriyar mata mai ɗankwali ruwan toka da usur a wuya, tana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa: babu soyayya tsakanin mai horarwa da 'yar wasa, in aka kama, ɗaya zai bar ƙungiya. Shi ya sa a fili ni ba Ƙauna ba ce a wurinsa, lamba ce a bayan riga. Ba ya kallona, ba ya yi min dariya, in na yi kuskure ni ya fi yi wa tsawa don kada a zarge shi. Amma Kindness, tunda babu abin ɓoyewa tsakaninsu, ita yake tsayawa da ita a gefen raga suna zuba yaren Malay suna ƙyaƙyatawa. Ni kuma abin da na iya bai wuce na sayen abinci da hawa jirgi ba. Sai in yi ta ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ya yi min alkawari, ya kuma yi wa Mama: ranar da kakar wasa ta ƙare zai je ya gaya wa Koci Rosnah da bakinsa, sannan ya turo magabatansa. Mama ta haɗiye maganar kamar maganin zazzaɓi. Mace ce da ba ta iya riƙe albishir, amma saboda dokar nan ko uwar Kindness ba ta gaya wa ba, kuma kullum sai ta yi min gorin hakan.

Ranar Juma'a, jajibirin wasanmu na ƙarshe a rukuni, Jethro ya zo cin abinci gidanmu a Titiwangsa. Mama ta sha cunkoson kasuwar Chow Kit tun safe ta samo busasshen kifi da alayyafo, ta buɗe accar da take tattali tun zuwanta daga gida ta yi gwate. Ni kuwa na saka doguwar rigar atamfa mai ruwan ganye, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau. Bai lura ba. Yana zama Baba ya tsare shi da maganar ƙwallo.

Baba tsohon mai tsaron raga ne na ƙungiyar unguwa a Jos, kuma a ganinsa duk wani koci a duniya ɗalibinsa ne da bai gama karatu ba. Tun da aka fara ajiye ni a benci ya sa Koci Rosnah a gaba. Ya tare ta a wajen ajiye motoci, ya yi mata bayanin yadda ake jera 'yan gaba biyu, ita kuma ta yi murmushi ta ce, "Boleh, Uncle, tengok dulu." Baba ya dawo gida yana cewa an gama, ta ce zai yiwu. Ni na san ƙarashen maganar na nufin bari mu gani tukuna, kuma a bakin mutanen nan wannan a'a ce da aka shafa wa man shanu. Ban gaya masa ba.

Ana cikin ci ne Baba ya tambayi me muke bukata mu wuce zagaye na gaba. Jethro, baki cike da gwate, hankali a fili, ya ce, "Baba, ni dai mata uku nake nema gobe. In na samu mata uku shi ke nan."

Mama ta ajiye cokali a hankali. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Uku? Ɗayar ma ba ka kawo kuɗin gaisuwarta ba."

Sai da ya sha ruwa kafin ya iya bayani, cewa a yaren nan mata shi ne maki, duk wanda ya ci wasa mata uku ake ba shi. Baba ya yi dariya har da buga tebur. Mama ta yi tsaki ta ce yaren da zai sa ɗan mai wa'azi neman mata uku ba yaren kirki ba ne. Ni ma na yi dariya, ban san tarkon da ya kama Mama yana nan ɗane yana jirana ba.

Da safe fili ya jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi, zafi kuma ya fara tasowa daga ciyawa. Muka yi layi kamar yadda aka saba, kowace ta kama hannun Koci Rosnah ta kai goshinta. Aka kira sunayen masu farawa. Babu nawa. Na saka rigar benci mai ruwan lemo a kan jesina, na zauna. Can gefe Baba ya baje kujerarsa ta naɗewa da fulas ɗin shayi, Mama kuma ta rungume kular fanke da ta soya wa ƙungiya, tana raba wa iyayen wasu tun kafin a busa usur.

Kafin a tafi hutu aka jefa mana ɗaya. Da aka dawo Kindness ta farke da ka, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ƙwallon ta yi kyau. Na tafa, hannuna kamar na aro. Baba yana can yana ihu da Hausa wai a sako Ƙauna, iyayen Malay suna ta yi masa murmushi ba su san me yake cewa ba.

Sai abin ya faru. Aka zura wa Kindness ƙwallo, ta yanke mai tsaron baya, ta rage daga ita sai raga, ta ɗaga ta sama. Jethro yana tsaye taku kaɗan daga inda nake. Ya ɗora hannu biyu a ka, ya durƙusa, muryarsa ta fito daga can cikin ƙirji.

"Sayang! Aduh, Kindness, sayang!"

Masu karatu, akwai kalmomi kaɗan da na tabbata na sani a yaren nan, kuma wannan tana ciki. Ita ƙawata Aina, 'yar ƙasar nan, ke kiran saurayinta da ita a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ita ake faɗa a fina-finansu kafin a yi kuka. Masoyiya. Abin ƙaunata. Mutumin da bai taɓa kiran sunana a fili ba don tsoron doka, yau ga shi gaban koci, gaban iyaye, gaban uwata da kular fankenta, yana kiran wata masoyiya. Na dubi Koci Rosnah ina jiran ta juyo ta kore shi. Ko gezau. Wato kowa ya sani ke nan sai ni? Kishi ya taso min, kunnuwana suka ɗau zafi, na ji ɗacin gwaten jiya a bakina.

Ana saura kaɗan a tashi Koci Rosnah ta yafito ni. Jethro ya matso da allonsa, idonsa a kan allon, ya ce in tsaya hagu, in na samu in nemi Kindness a tsakiya. Na ce, "To, Koci." Na ja kalmar yadda zai ji, amma bai ɗago ba.

Ƙwallon ta zo min a minti na ƙarshe. Na tsere wa mai gadina, na shiga da'ira ta gefen hagu, mai tsaron raga ta fito ta rufe min kusurwa. Ta wutsiyar ido na hango takalmin nan ruwan hoda a tsakiya, babu kowa kusa da ita, ragar a buɗe, hannunta a sama tana kiran "Sis! Sis!" Tura mata kawai zan yi, ko yaron goye zai iya. Na gan ta sarai, kada wani ya ce min ban gani ba. Abin da ya zo min shi ne yadda zai ruga ya ɗaga ta sama in ta ci, da ƙwallon da ni na ba ta. Na dunƙule ƙafa na buga da kaina. Ta bugi ragar ta waje.

Aka busa tashi. Ɗaya da ɗaya. Mata ɗaya muka samu, kuma ba ta isa ba. Kakarmu ta ƙare.

Ina durƙushe a ciyawa sai na fara jin kalmar tana tasowa ta ko'ina. Wani dattijo mai hula, uban mai tsaron ragarmu, yana kaɗa kai yana cewa sayang. Wata mata mai lema tana cewa sayang betul. Koci Rosnah ta tako har inda nake, ta tsaya a kaina, ta ce a hankali, "Sayang, Ƙauna. Sayang." Na ɗago ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ba dai duk mutanen nan soyayya suke yi da ni ba.

Aina ce ta warware min a hanyar zuwa mamak, shagon shayin da ƙungiya ke zuwa bayan kowane wasa, a ci ko a sha kashi. Ta ce kalmar fuska biyu gare ta. In ka kira mutum da ita, masoyi ne. In abu mai kyau ya salwanta, abinci ya zube ko ƙwallo ta ɓare, ita ce dai ake faɗa, kamar a ce kaico, an yi asara. Ta dube ni ta ce shekara biyu a ƙasar nan ban san wannan ba? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa a cikin duhun nan na jefar da kakar mutum ashirin.

Koci Rosnah ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, kuma na gwammace ta zage ni. Al'adarta ita ce duk wadda ta yi son kai a fili, ita za ta ɗauko shayi da hannunta ta kai wa wadda ta hana ƙwallo, ta tsaya har ta kurɓa. Kowa ya zauna, aka kawo roti, gurasarsu, babu mai kallona. Na je na karɓo kofin teh tarik, shayinsu mai madara da kumfa, na kawo gaban Kindness. Idonta ya yi ja da kuka. Ta karɓa, ta kurɓa, sannan ta jawo kujerar kusa da ita ta ce in zauna, wai ita ma ai ta ɓarar da tata. Ta yaga rotinta biyu ta tura min rabi. Kun ga irin abin da nake gaya muku.

Baba bai san da wata al'ada ba. Yana hango 'yarsa tana hidima kamar 'yar aiki ya miƙe daga teburin iyaye, Mama na jan rigarsa. Ya gaya wa Koci Rosnah da Turancinsa na coci cewa da an sako ni tun farko da ba a kai ga haka ba, kuma ita ce ta ce masa boleh. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce ƙafata ta fi ta kowa a ƙungiyar, abin da take jira tun farkon kaka shi ne in koyi ɗaga kai, kuma yau na ɗaga, na gani, na ƙi. Baba ya juyo ya dube ni. Tsohon mai tsaron raga ne, daga inda ya zauna ya ga abin da kowa ya gani. Ya koma teburin iyaye ya zauna.

Mutum ɗaya ce ta dawo gida da fara'a. Muna shiga lif Mama ta ce to, tunda ƙwallo ta ƙare ai sai a yi maganar mutane, gobe bayan sujada za ta gaya wa uwar Kindness, ta gaji da riƙe magana a ciki kamar mai laifi.

Na yi wanka, na kwanta, na tashi, na rubuta wa Jethro saƙo na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na tura masa: "Ina son ganinka. Na yi wauta." Ya amsa da cewa mu haɗu bakin tafki da la'asar. Na saka baƙin siket da farar riga, na ɗaura ɗankwalin da ya sayo min, ban shafa komai a fuska ba don ya ga na yi nadama.

Na same shi a bencin da muka saba, nesa da masu hayar keke. Na gaya masa komai, tun daga igiyar takalmi har zuwa kalmar. Da farko ya ɓata rai, ya ce wahalar wata da watanni na zubar. Da na kai wajen sayang sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki, ya ce ashe gado ne, jiya Mama yau ni. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi a waje ba, ya ce Litinin zai je wajen Koci Rosnah. Zuciyata ta yi fari tas. Na ji kunya, na ji daɗi, na rantse a raina daga yau ni da kishi mun raba gari, har na fara tunanin wace kyauta zan saya wa Kindness.

Wayata ta yi ƙara. Mama ce: "Babanki ya kira kawunki na Bukuru. Ki ce wa Jethro su sa rana."

Na nuna masa, ya yi murmushi, ya ce ba matsala. Sannan kocin da ke cikinsa ya motsa, ya ce kafin nan sai na kalli abin da na yi da idona. Ya buɗe bidiyon wasan a wayarsa, ya miƙo min, ya tashi ya je sayo mana ruwan kwakwa wajen mai keken da ke gefen hanya.

Ina kallon kaina ina shiga da'ira, ga takalmi ruwan hoda a tsakiya, sai saƙo ya sauko daga saman wayar ya rufe ragar. Sunan Kindness. Kalma uku.

"Dah makan, sayang?"

Ko ni da ban iya yaren ba na san biyun farko, su ne tambayar da kowa ke yi wa kowa a garin nan: ka ci abinci? Na tsaya a kan ta ukun. Na juya ta ta fuskar da Aina ta koya min ɗazu, na gwada, na sake gwadawa. Ka ci abinci, kaico? Ka ci abinci, an yi asara? Ta ƙi zama. Babu abincin da ya zube, babu ƙwallon da aka ɓarar. Kalmar tana zaune a ƙarshen tambayar, daidai inda Aina ke ajiye ta in tana waya murya ƙasa-ƙasa.

Bidiyon ya ci gaba a ƙarƙashin saƙon, na buga, ta bugi ragar ta waje, ana ta kaɗa kai. Hannun da ya kama ɗazu ya yi sanyi. Wannan karon kunnena bai yi zafi ba.

Ya dawo da kofi biyu yana murmushi, yana tambaya ko na ga inda ya kamata in tura. Na kifa wayar a cinyata yadda ba zai ga fuskarta ba.

"Jethro," na ce, "wannan sayang ɗin kuma, wace ƙwallo aka ɓarar?"

Ya tsaya cak, ruwan kwakwa na ɗiga ta gefen yatsunsa. Na jira ya yi dariya irin ta ɗazu. Na jira ya ce wane sayang kuma, me kika gani.

Bai tambaye ni me na gani ba.